Jennette McCurdy, uwa mai cutarwa da ciwon ƙin abinci: tambayoyi da amsoshi

Tun da littafin Jennette McCurdy ya fito a 2022, tambayoyi kusan iri ɗaya ke ta dawowa. Wasu daga bakin waɗanda suka tashi suna kallonta a talabijin, wasu daga iyaye da yayye da suka ga yarinya a gida ta fara gudun kwanon abinci, wasu kuma daga mutanen da labarin ya fama musu wani miki da suka daɗe suna rufewa. Na tattara su a nan, daga masu sauƙi zuwa masu nauyi.

Wace ce Jennette McCurdy, kuma me ya sa ake ta maganarta?

'Yar Amurka ce. An haife ta ranar 26 ga Yuni 1992, ta tashi a garin Garden Grove na jihar Kalifoniya, ita ce auta kuma mace tilo bayan yayye maza uku. Tana shekara 6 mahaifiyarta, Debra, ta fara kai ta wuraren tantance yara 'yan wasa. Sunanta ya fito ne da shirin iCarly na tashar Nickelodeon, wanda aka yi daga 2007 zuwa 2012, inda ta fito a matsayin Sam Puckett, yarinya mai tsiwa da son abinci. Daga nan ta yi Sam & Cat tare da Ariana Grande a 2013 da 2014.

A watan Agusta 2022 ta fitar da tarihin rayuwarta mai suna I'm Glad My Mom Died, wato "na ji daɗi da mahaifiyata ta mutu". Littafin ya hau saman jerin waɗanda suka fi ciniki na jaridar New York Times, ya kuma fi shekara bai sauka daga jerin ba. A cikinsa ne ta bayyana cewa wasan nan ba burinta ba ne tun farko, kuma duk shekarun da yara ke dariya da ita a talabijin, yunwa da tsoro take kwana da su. Labarin cikin gidansu daga bakinta ya fito, domin mahaifiyar ta rasu tun watan Satumba 2013, kuma haka nake kawo shi a nan.

Me mahaifiyarta ta yi mata har ake kiransa cin zarafi?

Ba duka ba ne abin da ya fi yawa a labarin, shi ya sa mutane da dama ke rikicewa. Debra ta so zama 'yar wasa tana yarinya, iyayenta suka hana ta, sai ta ɗora burin a kan 'yarta. An gano tana da sankarar mama Jennette na shekara 2, ta sha jinya ta samu sauƙi, amma gidan ya ci gaba da rayuwa a ƙarƙashin inuwar ciwon. Yarinyar ta taso da imanin cewa ran mahaifiyarta a hannunta yake: in ta faranta mata za ta rayu, in ta ɓata mata rai ciwon zai dawo. Ta ce a bikin cikarta shekara 6, abin da ta roƙa a zuciyarta kafin ta hura kyandir shi ne mahaifiyarta ta ƙara shekara guda a duniya. Ranar da ta yi ƙarfin hali ta ce ba ta son wasan kuma, uwar ta fashe da kuka tana dukan sitiyarin mota, har sai da yarinyar ta janye maganarta.

Akwai kuma abin da ya shafi jikinta. Ta ce mahaifiyarta ce ke yi mata wanka har ta kai shekara 16, tana duba mata ƙirji da gabanta da sunan neman ƙullutun sankara. Ba ta da damar cewa a'a. Uwar ce ke riƙe da abin da take ci, da wanda take magana da shi, da saƙonninta, da kuɗinta. A gida take karatu, ba ta zuwa makaranta, don haka babu malamar aji ko ƙawar makaranta da za ta lura. Lokacin da hotunanta da saurayinta suka fita a intanet, uwar ta aiko mata da saƙon zagi tana cewa ta sallama ta, a ƙasan saƙon kuma ta ƙara da cewa a aiko kuɗin sabon firji.

Masana lafiyar ƙwaƙwalwa suna kiran wannan cutarwa ce domin babba ya mai da yaro hanyar biyan buƙatar zuciyarsa da ta aljihunsa, ya kuma hana shi mallakar jikinsa. Kalmomin soyayya da ake haɗawa da shi ba sa rage illar, sai dai su hana yaron ganewa.

Ta yaya ƙin cin abincin ya faro?

Tana shekara 11 ta ji wani ƙullutu a ƙirjinta, ta tsorata ta ɗauka sankara ce. Uwar ta duba ta ce mata girma ne ya fara. Yarinyar ta san cewa kasuwarta a Holiwud ita ce ƙanƙantarta, domin masu shirya fim sun fi son yaron da ya girmi kamanninsa: yana iya haddace magana da bin umarni, amma yana fitowa a matsayin ƙarami. Ta kuma san mahaifiyarta ba ta son ta girma. Sai ta tambaya ko akwai hanyar tsayar da abin, uwar kuwa ta koya mata ƙidayar kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, da rage ci, abin da ita kanta ta daɗe tana yi.

Daga nan ya zama sirrinsu su biyu. Uwar na ɗora ta a kan sikeli duk mako, tana auna mata cinya da igiyar awo ta tela. Yarinyar ta rame har tana zama a kujerar mota ta ƙananan yara tana shekara 14. Littafin ya buɗe ne a ɗakin masu tsananin jinya: uwar na kwance ba ta san inda take ba, 'ya'yanta na raɗa mata labarai masu daɗi ɗaya bayan ɗaya ko za ta farka. Da aka zo kan Jennette, mace mai shekara 21, albishir ɗin da ta ga ya fi ƙarfin tayar da mahaifiyarta shi ne cewa nauyinta ya sauka zuwa kilo 40. Wannan wurin ne ya fi tsaya mini a rai, domin ya nuna yunwar ta zama yaren da suke gaya wa juna "ina ƙaunarki" da shi.

Mene ne bambancin anoreksiya da bulimiya da cin da ba a iya tsayarwa?

Anoreksiya ita ce mutum ya tauye wa kansa abinci har nauyinsa ya faɗi ƙasa da abin da jiki ke buƙata, yana tsananin tsoron ƙiba, yana kallon madubi yana ganin kansa da jiki alhali ƙashi ne. Wani likitan Ingila, William Gull, shi ya raɗa mata suna a 1873. Bulimiya kuwa ita ce mutum ya ci abinci mai yawan gaske cikin ɗan lokaci, yana jin ba zai iya tsayawa ba, sannan ya nemi fitar da shi ta hanyar amai, ko maganin zawo, ko motsa jiki na wuce kima. Gerald Russell ne ya bayyana ta a 1979. Ta ukun ita ce irin wannan cin na fitar hayyaci ba tare da fitarwa ba, sai kunya da ƙyamar kai su biyo baya. An sa ta a matsayin cuta mai zaman kanta a littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 2013.

Mai bulimiya sau da yawa jikinsa daidai yake a ido, shi ya sa ake shekaru ba a gane ba. Kuma mutum ɗaya na iya bi ta cikin dukkan ukun, kamar yadda ya faru da Jennette. Maza ma suna kamuwa, ko da yake an fi samu ga mata.

Me ya sa wadda ta saba ƙin ci za ta koma ci ba ƙaƙƙautawa?

Domin jikin da aka hana abinci yana ramawa, kuma ba ya neman izinin mai shi. An ga wannan ƙarara a wani gwaji da Ancel Keys ya jagoranta a Jami'ar Minnesota a 1944 da 1945. Samari 36 lafiyayyu suka amince a rage musu abinci kusan rabi na tsawon mako 24, suka rasa kusan kashi ɗaya bisa huɗu na nauyinsu. Ba su da wata larurar ƙwaƙwalwa kafin nan, amma sai tunanin abinci ya mamaye su: suna tara littattafan girki, suna jan loma ɗaya na tsawon lokaci, suna fushi a kan abu kaɗan. Da aka sake su, da yawansu suka dinga ci har ciki ya yi musu ciwo ba su ji sun ƙoshi ba.

Haka ya faru da Jennette. Sankarar uwar ta dawo a 2010, Jennette ta fita yawon waƙa ba tare da ita ba, karon farko babu mai tsaye a kan kwanonta, sai ta afka wa abinci. Ƙibar da ta ƙara ta zame mata kamar cin amanar mahaifiya. A kwanakin rasuwar uwar ne ta fara tilasta wa kanta amai, ta haɗa da shan giya. Daga nan abin ya zama kewaye: ta hana kanta, yunwa ta ci ƙarfinta, ta ci ta wuce kima, kunya ta kama ta, ta fitar, ta sake ɗaura niyyar hana kanta. Wannan ne dalilin da ya sa magani ke farawa da cin abinci a kan lokaci, kamar yadda zan yi bayani a gaba, a amsar da ke magana kan abin da ake yi a wurin magani.

Wace illa waɗannan cututtuka ke yi wa jiki?

Anoreksiya na cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Bugun zuciya yana raguwa, jini yana sauka, al'ada tana ɗaukewa, gashin kai yana zuba, ƙashi yana rasa ƙwarinsa a daidai shekarun da ya kamata ya ginu. Mutum yana jin sanyi ko ana zafi. Mawaƙiyar Amurka Karen Carpenter ta rasu a 1983 tana shekara 32 sakamakon tsayawar zuciya da ke da nasaba da wannan cuta.

Yawan amai kuwa yana zubar da sinadarin fotasiyam, wanda zuciya ke dogara da shi wajen bugawa daidai, shi ya sa mai bulimiya zai iya faɗuwa ba zato ko da jikinsa a cike yake. Ruwan ciki mai tsami yana cinye haƙora, maƙogwaro yana ƙuna, gefen muƙamuƙi yana kumbura. Jennette ta ba da labarin yadda haƙorinta ɗaya ya fita a banɗakin jirgin sama. Wani haɗarin da iyali ba su cika sani ba shi ne ɗura wa wanda ya daɗe da yunwa abinci mai yawa lokaci guda: gishirin jini na iya rikicewa har zuciya ta tsaya. Wanda ya rame sosai a ƙarƙashin kulawar likita ake mayar masa da ci.

Babu wanda ya lura ne? Ina uba, ina kamfani, ina doka?

An lura. Ta ce wata uwa a makarantar rawa ta tunkari Debra da maganar, likita ma ya nuna damuwa, amma uwar ta kawar da zancen, kowa kuma ya kama gabansa. Uban gidan yana aiki biyu, ba shi da ta cewa a gidan. Sai bayan rasuwar uwar ne ma ya sanar da Jennette cewa ba shi ya haife ta ba. Kuɗin wasanta ke riƙe da gidan, kuma yaron da yake ciyar da gida da wuya a samu wanda zai ce a bar shi ya huta. Wanda ya taɓa ganin yarinyar da tallanta ke cika tukunyar gidansu zai gane wannan ba tare da dogon bayani ba.

Dokar da ake da ita ta fi kula da kuɗi. Jackie Coogan, yaron da ya fito a fim tare da ɗan wasan barkwanci Charlie Chaplin a 1921, ya tara miliyoyin daloli, ya girma ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye, ya kai su kotu a 1938. A 1939 Kalifoniya ta yi doka da ake kira da sunansa, wadda a yau ta tilasta a ajiye kashi 15 cikin 100 na abin da yaro ya samu a asusun da ba a taɓawa sai ya kai shekara 18. Akwai kuma ƙa'idar sa'o'in aiki da na karatu. Sai dai duk tsarin ya ginu ne a kan cewa uwa ko uba su ne masu gadin yaron a wurin aiki. In mai gadin ne ke cutarwa, babu wanda aka ɗora wa duba shi.

Game da kamfanin, ta rubuta cewa an yi mata tayin dala 300,000 a kan kada ta yi magana a bainar jama'a kan abin da ta gani a Nickelodeon, ta ƙi karɓa. A 2024 wani shirin bincike mai suna Quiet on Set ya kawo shaidar wasu tsofaffin yaran tashar kan irin abin da suka fuskanta.

Sunan littafin nan ba ɗebe wa kai albarka ba ne?

Wannan ce tambayar da Bahaushe ya fi yi, kuma ban ga laifin mai yin ta ba. Ni ma da na fara jin sunan sai da gabana ya faɗi. Mun tashi da sanin girman uwa, muna neman "Allah ya yi miki albarka" daga bakinta fiye da komai, ba ma kuma ambaton mamaci sai da alheri. Jennette a gidan mabiya ɗarikar Mormon ta Kiristanci ta tashi, a wata al'adar daban, kuma ba ina cewa wani ya ari kalamanta ba ne.

Amma wanda ya karanta zai ga ba murnar mutuwa ba ce. Ta yi kukan uwarta, ta ce har yanzu tana kewarta. Abin da take nufi shi ne da uwar na raye, da har yau tana cikin yunwar nan da wasan da ba ta so, domin ba za ta taɓa iya ce mata a'a ba. Sunan ya yi kaifi, ni dai ba haka zan faɗa ba, sai dai gaskiyar da ke ƙarƙashinsa tana nan: akwai iyayen da ke cutar da 'ya'yansu. Addinin da ya yi umarni da kyautata wa iyaye shi ne kuma ya ce a tsaya da adalci a yi shaida ko da a kan iyaye ne, a aya ta 135 cikin Suratun Nisa'i, ya kuma mai da 'ya'ya amanar da za a tambayi iyaye a kanta. Ɗan da ya gaya wa likita abin da aka yi masa don ya samu lafiya bai zagi kowa ba.

Ta yaya ta fara samun sauƙi?

Ba da son ranta ta fara ba. Saurayinta ne ya gano tana amai, ya ce ko ta nemi magani ko su rabu. Ta fara zuwa wurin wata mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, abubuwa suka soma tafiya, har ranar da matar ta tambaye ta game da yarintarta, ta kuma ce mata abin da mahaifiyarta ta yi cutarwa ce. Jennette ta tashi ta fita, ba ta sake komawa ba. A lokacin ta gwammace ta ci gaba da ciwon a kan ta yarda cewa wadda ta gina rayuwarta kacokan don faranta mata ita ce ta jefa ta a ciki.

Daga baya ta koma wurin wani ƙwararre a kan cututtukan cin abinci. Shi bai fara da zancen uwa ba. Ya fara da kwano: me kika ci, ƙarfe nawa, me kika ji kafin nan da bayan nan. Ya koya mata cewa tuntuɓe ɗaya ba ya nufin an koma farko, kuma kunyar da ke biyo bayan tuntuɓen ita ce ke jan mutum ƙasa. Sai da jiki ya fara daidaita sannan ta iya fuskantar wancan zancen da ta gudu daga gare shi. Shekaru abin ya ɗauka, da komawa baya a tsakani. Ranar da ta jefar da sikelinta na cikin ranakun da ta ɗauka da muhimmanci.

Me ake yi a wurin magani a zahiri?

Da farko likita zai duba zuciya da jini da nauyi don a san ko akwai haɗarin gaggawa. Ga manya masu bulimiya ko cin fitar hayyaci, hanyar da ta fi samun shaida ita ce zaman gyaran tunani da ɗabi'a, musamman tsarin da Christopher Fairburn ya gina a Jami'ar Oxford: zama 20 cikin mako 20, ko kusan ninkin haka ga wanda ya rame. Matakin farko shi ne ci sau uku a rana da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku a tsakani, ba tare da an bar ciki ya wuce sa'a huɗu babu komai ba. Ana rubuta abin da aka ci, ana auna nauyi sau ɗaya kawai a mako, ana dawo da abincin da mutum ke tsoro kaɗan-kaɗan. Wani lokaci ana haɗawa da maganin ciwon damuwa mai suna fluoxetine ga masu bulimiya.

Ga matasa masu anoreksiya kuwa, hanyar da aka fi fara gwadawa ita ce wadda aka samar a asibitin Maudsley na Landan, inda iyaye ne ke ɗaukar nauyin ciyar da yaron har ya farfaɗo. Wannan ya nuna cewa yawancin iyaye ba su ne sanadin ciwon ba, su ne ma maganinsa. Akwai gado a ciki, akwai halin son komai ya cika cif, akwai damuwa da matsin tsara. Labarin Jennette na gidan da uwa ce ta koyar da ciwon ne, kuma a irin wannan gida dole a nemi wani babba amintacce ya tsaya a madadinta.

Me ya sa ta bar wasan kwaikwayo?

Domin ba ita ta zaɓe shi ba, kuma sana'a ce da kullum ake kallon jikinka ana auna shi. Ta kwashe shekaru tana fitowa a matsayin yarinya mai son soyayyar kaza, mutane na tare ta a hanya da wannan zancen, alhali abinci ne babban abin tsoronta. Ta daina wasa bayan shirin Between na Netflix, kuma da aka dawo da iCarly a 2021 ta ƙi shiga.

Wannan ba ciwon Turawa da masu kuɗi ba ne?

An daɗe ana zaton haka. Tsibirin Fiji da ke tekun Fasifik wuri ne da ake yaba cikar jiki kamar yadda ake yi a wurinmu. Talabijin ya isa wani yankinsa a 1995. Mai bincike Anne Becker ta tambayi 'yan matan sakandare a shekarar, ba ta samu ko ɗaya da ke tilasta wa kanta amai don rage jiki ba. A 1998 kashi 11 cikin 100 suka ce suna yi. Shekara uku kacal, kuma a lokacin babu wayar da ke hannun kowace yarinya yau.

A ƙasar Hausa matsin ta fuska biyu yake zuwa. Ana tsokanar siririya har ta koma shan "sha ka fashe" da sauran magungunan ƙiba da likita bai rubuta ba, ana kuma tallata shayin rage tumbi ga wadda aka ce ta yi jiki. Duka biyun tushensu ɗaya: yarinya ta koyi cewa darajarta na kan siffarta. Wadda ta daina ci kuwa, sau da yawa sai a ce gyambon ciki ne, ko taifot, ko iska, a yi ta yawon magani ba a taɓa tambayarta me take ji game da jikinta ba.

Waɗanne alamu zan duba a gida, kuma yaya zan buɗe maganar?

Kullum "na ci a makaranta" ko "na ƙoshi". Jujjuya abinci a kwano ba a kai shi baki. Tashi zuwa banɗaki da an gama ci, a daɗe, a riƙa zubar da ruwa don kada a ji sauti. Abinci na ɓacewa daga kicin da dare. Tabo a bayan yatsu, kumburin gefen fuska, jiri, ɗaukewar al'ada, sa kaya masu kauri a lokacin zafi, janye jiki daga ƙawaye. Alama ɗaya ba hujja ba ce, amma in sun taru kada a jira.

Ki same ta ku biyu, ba a gaban kwano ba, ba kuma a gaban 'yan gida ba. Ki faɗi abin da idonki ya gani: "Ƙanwata, na ga kwana biyu ba kya cin abinci da mu, kuma kina yawan jiri. Hankalina bai kwanta ba." Kada ki ce ta rame ko ta yi ƙiba, ko da yabo ne, domin duk maganar jiki ciwon take ciyarwa. Wataƙila ta musa, ta yi fushi. Ki bar ƙofa a buɗe ki sake dawowa. In akwai suma, ciwon ƙirji, bugun zuciya da ba daidai ba, aman jini ko maganar kashe kai, asibiti za a nufa a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Zuwa can ba ya nufin hauka.

Mai wannan ciwo zai iya yin azumi?

Likita ne zai faɗi halin jikin, malami ya faɗi hukunci a kan abin da likita ya ce. Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, kuma wannan rashin lafiya ce ta gaske. Wuni ba ci sannan a cika ciki da magariba shi ne ainihin kewayen da na kwatanta a amsar da ke bayani kan dalilin komawa ci ba ƙaƙƙautawa, don haka watan na iya mayar da mai jinya baya. Iyali su kuma lura da wadda ta tsiri azumin nafila ba hutu, ba sahur, buɗe-bakin ma ruwa kawai. Ba zargin niyyarta za a yi ba, tambayarta za a yi cikin tausayi.

In wanda ya cutar da ni yana raye, dole ne in yanke zumunci, ko dole in yafe?

Babu ɗaya daga ciki da yake sharaɗin samun lafiya. Abin da ake buƙata shi ne cutarwar ta tsaya. Tsakanin miƙa wuya da yanke alaƙa akwai fili mai faɗi: a gaisa, a yi hidima, a kai abin da ya sawwaƙa, amma a daina ba da damar a yi sharhi a kan jiki ko kwano, a rage zaman da ke ƙarewa da kuka, a sa kawu ko gwaggo ko malamin da ake jin maganarsa a tsakani. Yaron da ake taɓa jikinsa ta hanyar da ba ta dace ba kuwa, raba shi da wurin ne farko, sauran magana daga baya.

Muna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma riƙe sirrin gida abu ne mai kyau. Amma na ga mutanen da abin da suka haɗiye ya hana su haɗiyar tuwon kansa. Yafiya in ta zo alheri ce, sai dai ba a matsa wa mutum ita tun bai iya faɗin abin da aka yi masa ba. Jennette ta ce ta yi ta ƙoƙarin yafewa tana jin laifi da ta kasa, har aka nuna mata cewa za ta iya ci gaba da jinyarta ba tare da ta jira wannan ba. A ƙarshen littafin ta je kabarin mahaifiyarta, ta karanta kalmomin yabon da aka zana a kai, ta tashi da niyyar ba za ta sake zuwa ba. Wani zai zaɓi ya ci gaba da ziyara da addu'a, kuma shi ma bai saɓa wa jinyarsa ba.

Ana warkewa gaba ɗaya? Ita ina take yanzu?

Ana warkewa. Wani bincike na babban asibitin Massachusetts da ke Boston ya bi mata masu anoreksiya da bulimiya na tsawon shekara 22, aka wallafa shi a 2017, ya samu kusan biyu cikin uku sun warke. Masu bulimiya sun fi saurin farfaɗowa, masu anoreksiya da yawa sai bayan shekara 10 suka kai. Wanda aka kama ciwonsa da wuri ya fi samun sauƙi, wanda kuma ya daɗe a ciki bai makara ba.

Jennette ta ce ta rabu da ciwon, abinci ya daina zama abin da take kwana da tunaninsa. Tana yarinya ta taɓa rubuta labarin fim ta kai wa mahaifiyarta a gadon asibiti, uwar ta kashe mata gwiwa da cewa marubuta ƙiba suke yi. Bayan ta bar wasa ta shirya gajerun finafinai, ta yi wasan dandamali ita kaɗai a kan labarinta, daga shi littafin ya fito. A 2025 kamfanin Apple ya sanar da shiri mai dogon zango da aka gina a kan littafin, 'yar wasa Jennifer Aniston za ta fito a matsayin uwar, Jennette kuma tana cikin masu rubutawa da jagorantar aikin, a bayan kyamara.